Fentin fuskar yara: wanne ya cancanci kuɗinku?

Yaro ya kafe sai ya zama damisa. An ɗinka kaya har da jela, saura fuska, kuma a nan ne iyaye kan tsaya gaban fenti kala-kala su rasa na ɗauka.

Ni dai na ruwa nake fara miƙa wa hannu. Yana zuwa a dunƙule kamar sabulu cikin ɗan gwangwani, a jiƙa soso a goga, kafin yaro ya gama mutsu-mutsu ya bushe, da yamma kuma sabulu da ruwan ɗumi sun wanke shi tas. Shi ma iri biyu ne. Mai gilisarin (wani ruwa mai santsi da ake sa wa man shafawa), irin Snazaroo da Paradise na kamfanin Mehron, yana da laushi, launuka na shiga juna ba tare da gaɓa ba, don haka ya fi dacewa da shafe fuska duka ko fukafukan malam-buɗe-littafi. Mai kaki (irin abin da ake yin kyandir da shi), irin Diamond FX da TAG, shi ne gwanin siririn layi: gashin bakin kyanwa, zanen jikin damisa. A fata mai duhu farin mai kaki ya fi fitowa raɗau, kuma idan aka shimfiɗa fari a ƙasa, rawaya ba ya dushewa.

Na maiƙo na 'yan wasan dandamali ne. Zufa ba ta motsa shi, amma ba ya bushewa sai an bi shi da hoda, yaro kuwa da ya ji ƙaiƙayi zai goga a hannun riga. Cire shi ma sai da mai. Mai kama da alli yana da sauƙi, sai dai layinsa kauri gare shi.

Kada babban kwali mai launi 24 ya ruɗe ku. Fari, baƙi, ja, rawaya da shuɗi masu kyau sun fi shi, sauran launukan a haɗa. Ku ƙara soso biyu da buroshi mai tsinin baki.

Abin da bai kamata ya taɓa fuska ba shi ne fentin takarda ko na katako, ko da an rubuta cewa ba shi da guba, domin ba don fata aka yi shi ba. Haka ƙyalƙyalin aikin hannu, ɓarɓashinsa na iya kartar ido, sai a nemi na kwalliya. Baƙin lalle ma a bar shi, sinadarin PPD da ake zuba masa yana iya sa fata ta yi ƙuraje har ta kumbura.

Ko fentin kirki aka saya, a ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannun yaro kwana ɗaya kafin ranar da za a yi masa kwalliyar. In wurin ya yi ja ko yana sosawa, damisa ta haƙura da kunnuwa da jela.