Traveller na 1977: wasan da jarumi ke iya mutuwa tun kafin a fara

Makonni shida ke nan ina alƙalancin wasan Traveller ga abokaina uku duk ranar Asabar da yamma, kuma da dokokinsa na asali muke yi, waɗanda Marc Miller ya tsara, kamfanin Game Designers' Workshop na Amurka ya fitar a 1977. Ga wanda bai san irin wannan wasa ba, mutane ne ke zagaye teburi, kowa ya ɗauki matsayin wani ƙagaggen mutum, alƙali ya bayyana musu halin da suke ciki, su faɗi abin da za su aikata, sannan a jefa 'ya'yan ludo biyu masu fuska shida su raba gardama. Traveller ya fito shekara uku bayan Dungeons & Dragons, amma ya bar matsafa da dodanni ya koma sararin samaniya. Ƙananan littattafai uku ne masu baƙin bango: na farko a kan mutane da faɗa, na biyu a kan jiragen sararin samaniya, na uku a kan duniyoyi.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne yadda ake samar da jarumi. Ana jefa ƙwaya don siffofi shida, wato ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, ilimi da matsayi a cikin jama'a, a jera su layi ɗaya kamar 7A6894, inda harafin A yake nufin 10. Daga nan jarumin, yana ɗan shekara 18, zai nemi shiga ɗaya daga cikin ayyuka shida, waɗanda suka haɗa da soja da fatauci da leƙen sababbin duniyoyi, ya riƙa yin zango na shekara huɗu-huɗu. A kowane zango sai an jefa ƙwaya a ga ko ya tsira da ransa. Ɗaya daga cikin abokaina ya zaɓi aikin leƙen duniyoyi, wanda yake buƙatar jimillar ƙwayoyin biyu ta kai 7 ko fiye kafin a tsira, ya tsallake zangon farko har ya koyi tuƙin jirgi, a zango na biyu kuwa ƙwaya ɗaya ta ba da 4, ɗayar ta ba da 2. Ya daɗe yana kallon takardar da ya riga ya rubuta wa suna, sannan ya tambaye ni ko da gaske mutumin nasa ya rasu alhali ba a fara komai ba. Na ce masa sai haƙuri, ya ɗauki sabuwar takarda.

Da farko na ɗauki wannan doka a matsayin mugunta, amma daga baya na gane caca ce da aka gina da gangan: duk zangon da ka ƙara yana kawo ƙwarewa da kuɗin sallama, yana kuma kawo haɗarin mutuwa, daga shekara 34 kuma tsufa ya fara zaftare ƙarfin jiki. Saboda haka wanda ya iso teburi yakan zama magidanci mai tarihi, ba yaro sabon jini ba.

Wani abokin namu ya fito a matsayin kyaftin ɗan shekara 38 da jirgin fatauci mai nauyin tan 200, tare da bashin banki na shekara 40, ana biyan kashi ɗaya cikin 240 na farashinsa kowane wata, wanda ke nufin a ƙarshe an biya ninki biyu. Duk wanda ya taɓa karɓar motar haya a kan biya sannu a hankali zai fahimci zullumin. Tan ɗaya na kaya yana kawo kuɗin wasan 1,000, fasinja mai babban tikiti 10,000, kowace tafiya tsakanin taurari kuma mako guda take ci, sannan labari ba ya riga jirgi isa. Ban taɓa wahalar ƙirƙiro musu dalilin shiga haɗari ba, domin bashin ne ya sa suka yarda su ɗauki wasu akwatuna ba tare da tambayar abin da ke ciki ba.

Tsufan wasan yana bayyana a wurare da dama. Kusan kowace ƙwarewa tana da nata lissafin, don haka ina yawan tsayar da wasa in buɗe littafi. Kwamfuta mafi ƙanƙanta a jirgi tan guda ce, abin da ya ba mu dariya tun da kowa da wayarsa a aljihu. Faɗan jirage kuwa yana buƙatar awo da rula da fili mai faɗi. Sau ɗaya muka gwada a tsakar ɗaki muka haƙura. Jarumi kuma ba ya hawa matakan ƙarin ƙarfi da ƙwarewa kamar a sauran wasanni, abin da ɗaya daga cikinmu har yanzu yake ƙorafi a kansa.

Ga mai son jarumta da nasara cikin sauri, ba zan ba shi shawarar wannan wasa ba. Ga mai haƙuri da jadawali, wanda zai ji daɗin lissafin mai da albashin ma'aikata, ya cancanci nema. Mu dai Asabar mai zuwa biyan banki ya kama, kuma abin da ke asusun kyaftin bai kai rabi ba.