Yaya, ga dalilin da ya sa na rufe wa mota hanci

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali da yaran gareji baki ɗaya. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata rigar sanyin da ta dage sai na taho da ita tana nan, sai dai a garin nan a cikin ɗaki ake sa irinta.

Na ji saƙon muryarka kan hoton motar da na turo, har da dariyar yaranka a bayan fage. Ka ce wane mahaukaci ne zai toshe gaban lagireto da baƙar leda, ko so nake in ƙona gasket ɗin mutane a kore ni daga aiki. Da a Ƙofar Ruwa nake, gaskiya ce da kai. Amma nan Edmonton ce, a lardin Albata na Kanada, kuma duk abin da ka koya mini a shekarun da na yi ina miƙo maka sifana, a nan sai na juya shi. Kai kullum faɗanka da zafi ne, yadda za ka kore shi daga inji. Mu a nan tattalinsa muke yi kamar mai kuɗin cefane a ƙarshen wata.

Motar ta kamfanin gine-ginen da nake wa aiki ce, a-kori-kura mai shan gas, ƙirar Ford, injinta lita 6.7, batir biyu. Kada ma ka tambaye ni Hilux, ba a sayar da ita a ƙasar nan. Irin waɗannan manyan su ne jakunan aiki: Ford, Ram da Chevrolet. Ka fi ni sanin cewa injin gas ba ya ɓarnar mai kamar na fetur, kuma idan yana tsaye yana ruri kaɗan yake sha. To wannan halin kirkin nasa shi ne matsalarsa da sanyi, domin zafin da yake fitarwa bai taka kara ya karya ba. Ka hau babbar hanya kana gudun kilomita 110, ma'auni na nuna digiri 30 ƙasa da sifili, iskar da ke kutsowa ta ragar gaba sai ta kwashe ɗan ɗumin da injin ya tara. Za ka yi rabin awa kana tafiya allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Hitar cikin mota kuwa da ruwan inji take aiki, don haka kai ma kana ciki kana karkarwa, numfashinka yana daskarewa a jikin gilashi har ka daina ganin hanya. Injin da bai yi ɗumi ba kuma ba ya ƙone mai sarai, ya sha da yawa, ya tara baƙin toka a matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Wankin wannan matata ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Shi ya sa ake ɗaura mata rigar. Leda ce mai kauri, wasu da soso a ciki, an yanka ta daidai da ragar gaban wannan ƙirar ta wannan shekarar, ana maƙala ta da maɓallai. Tana da 'yan ƙofofi da ake buɗewa ko a rufe gwargwadon sanyin ranar. Littafin da ke zuwa da motar da kansa ya yi maganarta: a sa ta idan sanyi ya kai wajen 18 ƙasa da sifili, a cire idan gari ya sake, a kuma cire idan za a ja kaya mai nauyi. Wannan na ƙarshen ni ban karanta ba sai da na ga uwar bari.

Wata rana aka aike ni Kalgari, tafiyar kusan kilomita 300 kudu, ina jan tirela da ƙaramin injin haƙa a kanta. Na bar Edmonton da asuba cikin muku-mukun sanyi, rigar a rufe ruf. Ashe can kudu suna da wata iska mai ɗumi da ke gangarowa daga duwatsun Roki, suna ce mata shinuk, wadda cikin 'yan awoyi take narkar da ƙanƙara tsakiyar hunturu. Kafin in isa, sai na ji fanka tana ƙugi kamar jirgi zai tashi, na duba allura ta haye inda ban taɓa ganinta ba. Na faka a gefen titi na fizge rigar da hannu, maɓalli biyu suka tsinke. Allah ya rufa asiri ba abin da ya ƙone. A lokacin muryarka na ji a kunnena, irin tsawar da kake daka wa direban da ya shigo da mota tana tururi.

Kuma kada ka ɗauka kowa ke sayen rigar. Da yawa kwali suke yankawa su cusa a bayan raga, Turawa da baƙi duka. Ranar da na fara ganin wani dattijo Bature yana yanka kwalin firji da wuƙa a wajen ajiye motoci, sai na ji kamar a Fanteka nake. Aibin kwali shi ne idan aka manna shi a jikin lagireto yana hana iska kaiwa ga na'urar sanyaya iskar turbo (mai cusa wa inji ƙarin iska) da ta man giya, ga shi yana jiƙewa ya ruɓe. Amma yana aiki, ba zan yi masa ƙarya ba.

Rigar ita kaɗai ba ta tayar da mota da safe. Wannan aikin wata waya ce da za ka gani tana reto a gaban kusan kowace mota a garin nan. A jikin injin akwai ƙarfen dumama ruwa irin na hitar da ake tsomawa a bokiti, sai ka jona wayar a soket na awa uku ko huɗu kafin ka fita. Gidajen haya da wuraren aiki da yawa suna da sanda mai soket a gaban kowane gurbin mota. Ka ga ke nan tashin motarka ya rataya a wuyan masu wuta. A watan Janairun 2024 sanyi ya wuce 45 ƙasa da sifili a filin jirgin saman garin nan, wuta ta kusa gaza lardin, gwamnati ta turo gargaɗi a wayar kowa cewa a rage amfani da lantarki, har da jinkirta jona motoci. Mutane suka kashe kayan wuta, ba a kai ga ɗaukewa ba. Abokan aikina kwana suka yi suna maganar kamar an yi girgizar ƙasa, ni kuwa ina ta danne dariya.

Shi kansa gas ɗin yana da nasa hali. Akwai kakin da ke cikinsa wanda sanyi ke daskararwa, man ya yi kauri kamar man shanu ya toshe filta. Gidajen mai da kansu suke sauya shi idan hunturu ya kawo jiki, su sayar da mai sauƙi wanda ya yi kusa da kananzir. Ba wanda zai ce maka ka roƙa, ba kuma ka tsaya kana shinshina ko an yi algus. Wannan kam na yaba musu. Baƙin mai ma mai ruwa-ruwa ake zubawa, 5W-40 maimakon 15W-40 ɗin da ka saba. Ruwan lagireto kuwa rabi magani rabi ruwa, wanda ke jurewa har wajen 37 ƙasa da sifili, wasu ma su ƙara maganin. Ka zuba ruwan rijiya zalla irin na gida, kafin gari ya waye ya zama dutse ya tsaga bulok. Tamostat ɗin nan mai tsare ruwa a cikin inji har ya yi ɗumi, wanda kuke cirewa ku jefar a kwandon tarkace, a nan wanda ya cire shi ko masallacin Juma'a ba zai kai da ɗumi ba. Ni yanzu ko a Kano ban yarda da cire shi ba, amma wannan rigimar sai na zo.

Inda kuka fi su shi ne hannu. Kaya a nan yana zama daram, ka faɗi ƙirar mota da shekararta a kawo maka abin da zai shiga ba gyara. Amma gareji sai ka nemi rana tukun, kuma kuɗin aiki ya haura dala 100 a kowace awa, ko da sukuru ɗaya aka ɗaure. Maɓallan nan biyu da suka tsinke, na rasa wanda zai mayar mini da su. Duk wanda na tambaya sai ya ce in sayi sabuwar riga. Mai ɗinkin kujerun mota na bayan garejinka kafin shayinsa ya huce ya gama, ya kuma ce ka bar shi kawai.

Saura gargaɗi ɗaya. Motocin Kanada suna shigowa ta Kwatano da Legas, wataƙila ma ka taɓa ganin irin wayar nan a naɗe a bayan bamba. Ka hana yaranka gwada ta. Ta wuta mai ƙarfin volt 120 ce, tamu ta gida 230, ƙonewa za ta yi, kuma ba abin da za ta amfana wa mota a Kano ko da a tsakiyar sanyin Janairu.

Zan turo maka awon ragar gaban da hoton rigar ciki da waje. Ka ba mutumin naka ya ɗinka mini ɗaya da tamfol mafi kauri da zai samu, ya sa zif a ƙofofin maimakon maɓalli. Tsorona ɗaya kada tamfol ɗinmu ya bushe ya kakkarye idan ya ji sanyin nan, shi ya sa nake son gwadawa. Akwai mai tahowa bayan salla, sai a haɗa masa da kilishin da ka yi mini alkawari tun bara, ko da yake shi kilishin ba za su bari ya wuce filin jirgi ba. A sa yaji da kuka a madadinsa.