Maganin farin ɗigo na kifin ado: abin da na gani bayan na yi amfani da shi

Masu ajiye kifin ado a gida nan Damagaram ba mu da yawa amma na san duk wanda ya ratsa hunturu da akwariyom, wato akwatin gilashin da ake ajiye kifi a ciki, ya ga ciwon nan, farin ɗigo ƙanana ƙanana kamar an barbaɗa wa kifi gishiri a jiki da wutsiya, sai ka ga yana goga jikinsa da duwatsu, ya naɗe fukafukansa ya ƙi cin abinci. Nawa irin kifayen ado ne da ake kira gufi da moli da jan kifi, kuma da sanyin dare ya shigo a watan Janairu moli ya fara kamawa.

Kwalbar da na sa aka taho min da ita daga Kano ƙarama ce, haɗin sinadarai biyu, koren malakit da formol. Gaskiya maganin yana aiki, wannan ba gardama, amma takardar da ke jiki ba ta faɗi abin da ya fi muhimmanci ba kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Ƙwayar cutar, Ichthyophthirius multifiliis sunanta, wani Bafaranshe Fouquet ya bayyana ta tun 1876, lokacin da kake ganin ɗigon tana cikin fatar kifi ne a rufe, magani bai taɓa ta ko kaɗan. Sai ta ƙoshi ta faɗo ƙasan ruwa ta yi kwanso, a ciki ta rarrabu ɗaruruwa, su fito suna iyo suna neman kifin da za su manne wa, to waɗannan masu iyon kaɗai magani ke kashewa. Ma'ana in ɗigo ya ɓace ba warkewa ba ce, sun sauka haihuwa ne, dole ka ci gaba da ɗiga maganin kwanaki bayan kifin ya yi fes.

Zafin ruwa shi ke gaggauta wannan zagayen, a digiri 25 kusan sati ne, a ruwan sanyi kuma ya kan ja makonni. Na ɗaga nawa a hankali zuwa wajen 29 da ɗan hita, sai dai in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke da dare ruwan ya huce, don haka nake lulluɓe gilashin da bargo. Kuma ku kula don Allah, ruwan ɗumi iskarsa kaɗan ce, formol ma yana ƙara rage ta, na ga jan kifina ya hau sama yana buɗe baki sai da na ƙara famfon iska ya natsu.

Abin da ban so ba, maganin yana rina komai, roban da ke haɗa gilashin ya koma shuɗi shuɗi har yau, yatsuna ma haka. Dole a cire gawayin tacewa in ba haka ba shi zai shanye maganin, a kashe fitila don haske na lalata shi. Canjin ruwa kuwa shi ne wahala a garin nan da kowa ya san tsadar bidon ruwa, amma ban yarda a tsallake ba, kashi ɗaya cikin huɗu kafin kowane ɗigawa, a zuƙe ƙasan da tiyo don can kwanson suke, kuma ruwan famfo ya kwana a buɗe tukuna saboda kulorin.

Mai kifi mara ɓawo irin su tarwaɗa ya sa rabin awo, ba su jurewa. Kuma wallahi kar wani ya zuba shi a tafkin kifin ci, Turai da Amurka duk sun hana koren malakit a kifin da mutum zai ci. Ƙaramin moli ɗaya na rasa wanda ciwon ya riga ya kai masa wajen numfashi, sauran sun tashi suna cin abinci lafiya lau. Zan sake saya, kuma sabon kifi yanzu a bokiti daban yake zama sati biyu kafin ya shiga cikin sauran.