LibreOffice a ofishinmu na Katsina bayan wata shida

Tun farkon damina muka ɗora LibreOffice, manhajar rubuta takardu da lissafi irin Microsoft Office, a kan kwamfutoci huɗu na ofishinmu da ke kusa da Ƙofar Ƙaura, inda muke harkar taki da irin shuka, da niyyar mu riƙa adana takardunmu a tsarin ODF, wato buɗaɗɗen tsarin da ƙungiyar OASIS ta fitar a 2005, hukumar ISO kuma ta amince da shi a 2006. Abin da ya ja hankalinmu shi ne kada yarjejeniyar da muka rubuta yau ta zama sai da lasisin kamfani guda za a iya buɗe ta bayan shekara goma.

Ita kanta manhajar ba mu same ta da wani babban laifi ba. Kyauta ce, gidauniyar The Document Foundation ce ke kula da ita tun 2010, kuma da zarar an sauke ta ba a buƙatar intanet. Writer, sashenta na rubutu, tana karɓar ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau, Calc, sashenta na jadawali, tana lissafin buhuna da bashin dillalai daidai, mayar da takarda PDF kuwa dannawa ɗaya ce.

Wahalar tana farawa ne idan takarda ta fita daga ofis. Kusan duk wanda muke hulɗa da shi .docx na Word ko .xlsx na Excel ya sani, kuma duk da cewa Word tana buɗe .odt, wato takardar rubutu ta ODF, tun 2009, yawancin dillalanmu na ƙauyuka a waya suke karɓar saƙo ta WhatsApp, sai mutum ya bugo ya ce, "Alhaji, abin da ka turo bai buɗe ba." Takardun da ake aiko mana su ma sukan sauya kama, domin salon haruffan Calibri mallakar Microsoft ne, idan kuma ba a ɗora salon Carlito mai girman haruffa iri ɗaya da shi ba, layuka su goce, takarda mai shafi biyu ta koma uku, wurin sa hannu ya faɗa wani shafin. A takardar neman kwangila wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akantanmu ya fi kowa shan wuya, saboda jadawalin albashin da ya gada cike yake da umarnin VBA, wato ƙananan shirye-shiryen sarrafa aiki na Excel, wanda Calc ba ta aiwatar da shi duka. Sakatariyarmu kuwa Word ta koya a makarantar koyon kwamfuta, sai da ta yi makonni tana laluben wurin da kowane abu yake. Hujjar cewa LibreOffice kyauta ce ma ba ta da ƙarfi a garin nan, tunda sau da yawa akan sayi kwamfuta da Office a ciki, ba wanda ya tambayi lasisinta. Ban ga laifin masu manne wa Office ba, domin ko birnin Munich na Jamus, bayan shekaru yana amfani da buɗaɗɗun manhajoji, majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows a 2017.

Yanzu wasiƙu da rasit da duk abin da zai zauna a ma'ajiyarmu a .odt da .ods na ODF muke ajiye su, abin da zai fita kuma PDF muke aikawa, sai in mai karɓa zai yi gyara mu ba shi .docx. Kwamfutar akanta ita kaɗai muka saya wa lasisin Excel.