Cefanen waya: sharhina kan Hajiyar da ke yi mini kasuwa tun zamanin korona

Ni tun ina budurwa ban yarda wani ya zaɓar mini tumatir ba. Mahaifiyata ta koya mini a latsa, a shinshina, a leƙa ƙasan kwando kafin a buɗe baki a yi ciniki, kuma a haka na taso. Litinin da Juma'a, ranakun da kasuwar Maraɗi ke cika, in na tashi daga lakkol sai in zarce can, in dawo gida da la'asar sakaliya, ƙafa duk ƙura. Wadda ke rubuta wannan sharhi ba ƴar "zauna a kawo miki" ba ce. Korona ce ta zaunar da ni.

Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Yamai. Kafin mu farga an rufe makarantu da iyakoki, an hana jam'i a masallatai, an killace Yamai tare da sa mata dokar hana fitar dare. Mu nan ba a kulle mu cikin gida kamar yadda aka yi wa Kano a watan Afrilu ba, mai son fita yana fita. Amma a gidanmu akwai Inna, uwar maigidana, ga ciwon suga ga hawan jini, rediyo kuma kullum faɗi yake irinsu cutar ta fi kayarwa. Malam ya ce kasuwa dai a haƙura da ita. Dama tun Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, mu kuwa rabin abin da ke cikin kantunanmu ta hanyar Katsina da Ɗan Isa yake shigowa, don haka kaya sun riga sun hau. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni lambar wata Hajiya da ke unguwar Zariya. Ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofar gida. Abin da take da shi waya ce, da ƙannenta biyu masu shiga kasuwa, da wani yaro mai kabu-kabu. Tsarin kuma babu wuya: da dare ki tura mata abin da kike so ta WhatsApp, a rubuce ko da murya, da safe ta maido miki da farashi, in kin amince kafin azahar kaya na ƙofar gida. Ladanta a lokacin dala 100 ne a kan kowane cefane, na yaro dala 50, ko a ɗan ƙara in kayan sun yi nauyi. Ga wanda bai saba da lissafinmu ba, sefa 750 ke nan gaba ɗaya.

Da farko na ga abin kamar almubazzaranci. Jika ɗaya ba kaɗan a kan abin da ƙafata ke yi kyauta? Sai daren farko na zauna zan rubuta saƙo, na tsaya da waya a hannu, na rasa abin da zan ce. Shekara goma sha ina cefanen gida, amma ban taɓa sanin tiya nawa ta gero muke ci a mako ba, ko kwana nawa litar man gyaɗa ke yi mana. Abin da na sani shi ne in kuɗi sun ƙare sai in dawo gida. Dole na tashi na kunna fitilar waya na shiga ɗakin ajiya, ina buɗe robobi ɗaya bayan ɗaya. Na tarar da kuka ƙulli uku, duk ni na saye su a lokuta daban-daban, ɗaya har ta fara canza launi. Sabulun wanki sanda biyar. Makaroni kuwa ko leda ɗaya babu, alhali shi yara suka fi so.

Wannan shi ne babban alherin da na samu, kuma gaskiya Hajiya ba ta ma san ta yi mini shi ba. A kasuwa ido ke saye. Ki je neman albasa, ki ga an zube kwanonin silba, ki ce bari in taya kawai, kafin ki ankara kin ƙulle biyu a leda. Ga mai awara, ga mai rake, ga ɗan kunne na ƴar auta, ga wata ƴar garinku da kuka haɗu, ba za ki rabu da ita hannu rabbana ba. A waya kuwa abin da kika rubuta shi zai zo, kuma rubutun yana nan ba ya gogewa. Ƙarshen Afrilu na koma sama na bi saƙonnin nan ɗaya-ɗaya na haɗa lissafi, karo na farko a rayuwar aurena da na san abin da tukunya ta ci a wata. Duk da ladan Hajiya da na yaro, duk da tsadar kaya, sai da kuɗi suka yi saura. Malam bai yarda ba sai da na miƙa masa wayar ya duba da kansa.

Wajen biya ma an samu sauƙi. Inna ta ce kada a riƙa shigo mata da takardun kuɗin da suka bi hannun jama'a, sai muka koma turawa ta waya. Ya zo daidai da lokacin da babban bankin yankinmu, BCEAO, ya sa aka ɗauke kuɗin aikawa a kan abin da bai wuce jika 5 ba. Sai na riƙa raba cefanena kada ya haura hakan, wayon talaka. Sau biyu dai layi ya ɗauke, kuɗi sun fita daga wajena ba su isa wajenta ba sai washegari. A nan na yaba wa Hajiya. Ba ta riƙe kaya ba, cewa ta yi: "Malama, ki karɓa ku yi girki, kuɗi ba su ɓata." Mai irin wannan hali a sana'a ba shi da yawa.

To, sai mu zo kan inda abin ke ciwo.

Busassun kaya ba ni da ƙorafi a kansu. Shinkafa, sukari, gishiri, omo, madara, taliya, duk yadda na ce haka ke zuwa, kuma da na bincika daga baya na ga ba ta ɗora komai a kan farashin kanti. Albasa ma ta san ta Galmi, ba ta taɓa kawo mini mai ruwa ba. Amma ɗanyen kaya sai a hankali. Ƙannen nan nata samari ne, cefanen gida shida ko bakwai suke haɗawa a fita ɗaya, ba su da lokacin latsa tumatir. Mai tumatir kuwa ya san fuskar mai gaggawa. Sau da yawa na sama jawur, na ƙasa ya fara ruwa. Zogalen da ake kawowa daga Jiratawa, wanda in ni na je nakan samu sabon yanka, sai ya iso mini ya yi laushi cikin leda saboda ya zaga unguwa uku a bayan babur cikin zafin Afrilu. Nama sau ɗaya na gwada. Abin da ya zo rabi ƙashi ne da jijiya, Inna ta ɗaga tsoka ɗaya ta ce: "Wannan akuyar ta ga zamanin Diori." Ban sake ba.

Sai maganar tiya. Duk macen da ta taɓa awo ta san tiya ba ɗaya ba ce, akwai mai tozo akwai shafaffiya, kuma bambancin yana ga bakin mai saye da tsayuwarsa a gaban mai awo. Yaron da aka aika ba zai tsaya yana "ƙara dai, Alhaji" ba. Na auna geron da aka kawo da tiyar gidanmu, tiya biyar ta kan rasa kusan cikin kwanon sha. Na yi mata magana, ta ce ba daga wajensu ba ne, kuma na yarda, amma asarar dai a tukunyata take. Gyara ma ta tafi. Ɗan tattasai biyu da mai kayan miya ke jefa miki bayan an gama ciniki, ɗan ƙullin daddawa da ake cewa "na yara", babu wanda ke turo wannan ta WhatsApp. Ciniki kansa ya mutu: ta faɗi farashi, ki ce to ko a'a. Ni da nake iya minti goma a kan dala 5, abin ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi.

Azumin shekarar ya kama ƙarshen Afrilu, kuma a nan tsarin ya nuna iyakarsa. Masu saye sun yi mata yawa, yaro ɗaya ne, babur ɗaya. Ranar da ba zan manta ba na tura saƙo tun bayan sahur, ƙanƙara da tsamiya da kayan miya ba su iso ba sai ana kiran magariba, ƙanƙarar ta zama ruwa a leda. Da ruwan randa da dabino muka buɗe baki. Ta kira ta ba da haƙuri, ta yafe ladan ranar, daga baya ta ƙara yaro na biyu. Duk da haka, har yau in azumi ya zo tun ana jibi nake tura saƙona.

Akwai kuma wani rami da ban gani ba sai da na faɗa. Tunda lambarta na cikin wayata, ina ganin duk abin da ta ɗora a status. Da farko kayan miya ne. Da sana'a ta buɗe sai ga atamfa, ga turaren wuta, ga kuloli masu riƙe zafi, ga takalman yara, kowanne an ɗauke shi hoto cikin haske mai kyau. Kasuwa sau biyu nake zuwa a mako, wannan kuwa tana biyo ni har kan gado ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Kuma akwai "ɗauki ki biya ƙarshen wata", wanda ma'aikaciya mai jiran albashi ba ta iya ƙi. Kafin Babbar Sallah rarar da nake taƙama da ita ta koma kuloli uku da turmin atamfa da bai yi kama da hotonsa ba, shuɗin da na gani a waya ya zo kore-kore. Laifin ba nata ba ne ita kaɗai, ba ta sa mini wuƙa a wuya ba. Sai da na toshe status ɗinta na shiga adashe da malamai ƴan'uwana, kuɗin suna fita ranar da albashi ya shigo, kafin idona ya gan su.

A watan Mayu aka buɗe masallatai, farkon Yuni muka koma aji, amma ban taka kasuwa ba sai bayan damina. Ranar da na koma, tsohuwar da nake sayen daddawa da kuɓewa busasshiya a wajenta ta riƙe hannuna ta ce: "Ɗiyata, na ce ko kin bar garin." Ta lissafa mini mata huɗu da suka daina zuwa. Ita ba ta da waya mai hoto, kuma samarin Hajiya wajen manyan ƴan tebur na bakin hanya suke tsayawa, ba su kutsawa lungun da take zaune. Na ji kunya ƙwarai. Wata shida ina murnar rara, ban taɓa tunanin daga tiren wa aka cire ta ba.

Yanzu ga yadda na raba. Farkon wata ina tura wa Hajiya jerin busassun kaya gaba ɗaya, buhu da katan da jarka, abin da dama sai na ɗauki adaidaita kafin in kai shi gida. A wannan fanni na ba ta cikakken yabo, kuma ladanta, ko da ya ƙaru, bai kai kuɗin adaidaita da wahalar ɗauka ba. Mai jego, mai jinyar tsoho, ma'aikaciyar da ba ta tashi sai yamma, matar da ba ta fita, duk zan ce su gwada, amma su fara da abin da ba ya ruɓewa, su auna abin awo da tiyarsu a gaban yaron, kuma kada su tura kuɗi mai yawa ga wadda ba wanda ya san gidanta. Tumatir, zogale, nama da gero kuwa na karɓe abina. Juma'a bayan an tashi ina shiga kasuwa, sai dai yanzu da jerin kaya a waya, kuma kuɗin da ke cikin jakata daidai jerin ne da ɗan canjin kabu-kabu.

Juma'ar da ta wuce na dawo da abin da na rubuta cif, sai ƙari ɗaya: ludayin duma guda biyu da wata ƴar Tibiri ta zube kusa da tsohuwata mai daddawa. Ba su cikin jeri. Inna ta juya su ta ce masu kyau ne, ta ɗauke ɗaya ta kai ɗakinta.