Gidan na gaske ne, mai ba da hayar ne ɗan damfara

Jama'a, duk mai shirin kama gidan haya don kai iyali hutu bakin teku, don Allah ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi. Ba ji na yi ba, a kaina ya faru.

A wani shafin sada zumunta na ga tallan. Gida mai ɗaki uku, kicin da kayan girki, injin wanki, gadon jariri, tsakar gida mai shinge, kuma tafiyar minti 10 ce a ƙafa zuwa wani tsohon gari mai ganuwa da tashar kwale-kwalen masunta. Mai yara ya san darajar irin wannan masauki. A otal sai ka kama ɗaki biyu, ka sayi abinci safe, rana da dare, amma a nan uwar yara za ta ɗora tukunya ta girka musu abin da suka saba. Kuɗin kuma ya gaza na sauran gidajen unguwar nesa ba kusa ba. A nan ya kamata jikina ya ba ni, amma araha ta rufe mini ido.

Mutumin da ya saka tallan akwai iya magana. Ya tambayi shekarun yara, ya ce zai ajiye wa ƙaramar kujerar cin abinci. Ya ce yana ƙasar waje wajen aiki, shi ya sa ba zai iya nuna mini gidan ta kiran bidiyo ba. Ya turo takardar yarjejeniya da hoton fasfo. Sai ya ce kamfanonin kama masauki suna yankar kaso mai yawa, in na biya shi kai tsaye ta banki zai rage mini. Washegari ya ce wasu iyali na neman makon da nake so, in ban ba da kafin alƙalami a ranar ba zai ba su. Na tura rabi. Saura mako guda tafiya na cika sauran, shi kuma ya turo lambar buɗe akwatin makulli da ya ce yana jikin ƙofa.

Mun isa da la'asar, a gajiye. Ga gidan nan, ga shingen, ga ƙofar kamar yadda take a hoto. Akwatin makulli kuwa babu. Na ƙwanƙwasa, wata dattijuwa ta buɗe. Na miƙa mata waya, ta yi ta duba hotunan falonta da kujerunta, ta girgiza kai. Ta ce tana ba da hayar gidan da gaske, amma ba ta san wannan mutum ba, gidan kuma akwai baƙi a ciki. Ta ce ba mu ne na farko ba. Ta kawo wa yara ruwa. Ɗana yana riƙe da ɗan bokitin wasan yashi, yana jan rigata: "Baba, yaushe za mu shiga?" Na kira lambar mutumin, a kashe. Shafin ma ya yi ɓatan dabo.

Abin da ya sa wannan damfara take cin mutane shi ne kusan komai a cikinta gaskiya ne. Hotunan gidan gaske suke kwashewa daga tallan mai shi, adireshin ma na gaske, in ka duba taswira za ka gan shi. Asusun da kuɗi zai shiga kaɗai ne nasu. Shi ya sa duk ƙoƙarinsu su fitar da kai daga manhajar da ke tsare kuɗinka. Kamfanin kama masauki na Airbnb, alal misali, yakan riƙe kuɗi sai bayan kimanin awa 24 da shigar baƙo kafin ya sakar wa mai gida, kuma baƙo na da awa 72 ya kai ƙara in ya tarar da matsala. Ɗan damfara ba zai ci komai a irin wannan tsari ba. Amma kuɗin da ka tura da hannunka ta banki, ko Western Union, ko kirifto, ko katin kyauta, dawo da shi sai an sha wuya, in ma ya dawo.

Wasu har shafin bogi suke ƙerawa mai kama da na sanannen kamfani, harafi ɗaya kawai ya bambanta a adireshin. Alamar kwaɗo a gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ce, su ma suna da ita. A 2023 an samu 'yan kutse da suka shiga asusun wasu otal-otal a manhajar kama masauki ta Booking.com, suka riƙa tura wa baƙi saƙo ta cikin manhajar cewa su sake shigar da bayanan katinsu. Saboda haka ko a cikin manhaja aka turo maka mahaɗin biyan kuɗi, kira masaukin ta lambar da ka nemo da kanka.

Binciken da ban yi ba bai kai rabin awa ba. Da na saka hoto ɗaya a Google Lens, mai nemo inda hoto ya fito a intanet, da tallan dattijuwar ya fito da farashinsa na gaskiya. Da na dage sai an kira ni ta bidiyo daga cikin kicin ɗin, an buɗe famfo ina gani, da asiri ya tonu. Ƙasashe da dama kuma suna tilasta rajistar irin waɗannan gidaje: a Fotugal akwai lambar AL, a Italiya tun Janairun 2025 dole lambar CIN ta bayyana a talla da jikin ginin. Nemi lambar, ka duba ko ta dace da adireshin.

Wanda ya riga ya faɗa, ya kira bankinsa a ranar, kada ya kwana. In da kati ya biya, yana iya neman a janyo kuɗin, galibi cikin kwana 120. Ya adana hirar da rasit, ya kai rahoto wurin 'yan sanda, ya kuma sanar da shafin da ya ga tallan.

Abin da ke hana ni barci yanzu ba kuɗin ba ne. Lokacin cika yarjejeniya ya nemi hoton fasfona, na tura masa. Sai daga baya na gane cewa fasfon da ya nuna mini ya kwantar mini da hankali, wataƙila na wani bawan Allah ne da ya cuta kafin ni. Na sanar da hukuma, amma ina fargabar yau da fuskata da sunana yake karɓar kuɗin wani magidanci.