Gwajin Boson ya kunyata ni, shi ya sa nake yabonsa

Ranar da na fara buɗe ExSim-Max na kamfanin Boson, wato jerin jarrabawoyin gwaji na kwamfuta, ina ji da kaina sosai. Wata huɗu ke nan ina karatun CCNA, jarrabawar shaidar ƙwarewa a haɗa kwamfutoci ta kamfanin Cisco: na kalli darussan Jeremy's IT Lab a YouTube kusan duka, na cika littafin rubutu biyu, har na fara koya wa abokan aikina yadda ake raba sabnet, wato yanka hanyar sadarwa zuwa ƙananan rukunonin adireshi. Na saita lokaci, na duƙufa. Da sakamako ya fito, kashi 56 na samu. Jikina ya yi sanyi, na rufe kwamfutar, ban sake taɓa ta ba sai bayan kwana biyu.

Da na koma sai na bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan na ga abin da na saya. Akwai wata da ba zan manta ba. An nuna teburin hanyoyin wata rauta, na'urar da ke zaɓar wa saƙo hanya, aka ce saƙo zai je adireshin 10.1.1.70, ta ina zai bi? Hanya ɗaya 10.1.1.0/24 ce da aka koyo ta OSPF, ɗayar kuma 10.1.1.64/26 da aka koyo ta RIP (OSPF da RIP tsare-tsare ne da rautoci ke koyon hanyoyi da su). Ni kuwa na haddace cewa lambar amincin OSPF 110 ce, ta RIP 120, kuma ƙarama ita ke gaba. Ko tunani ban tsaya yi ba na danna OSPF. Ashe na faɗa rami. Bayanin da ke ƙasan tambayar ya warware min zare da abawa: wannan lamba tana aiki ne idan hanyoyi biyu suna takarar shiga tebur zuwa wuri guda. Idan sun riga sun shiga, rauta tana ɗaukar wadda ta fi kama adireshin daidai, wato wadda lambarta ta bayan alamar / ta fi girma. Ita /26 ɗin ta ɗauki daga 64 zuwa 127, kuma 70 na ciki. Na san ƙa'idojin biyu, amma ban san wadda ke zuwa kafin wata ba, kuma bidiyo ba zai taɓa tona min wannan asirin ba, don mai kallo gyaɗa kai kawai yake yi.

Abin da ya sa na tsaya a kan Boson ke nan. Ba a ce maka amsa kaza ce a wuce. Ana faɗa maka dalilin da ya sa ta zama daidai, sannan a ɗauki sauran zaɓuɓɓukan a nuna inda kowanne ya karkace, a kuma nuna maka takardar Cisco da za ka je ka tabbatar. Wani bayanin ya fi shafi guda. Har tambayoyin da na ci nakan karanta bayaninsu, saboda sau da yawa canka na yi Allah ya taimake ni.

Kafin wannan, wani a rukunin karatunmu ya turo mana fayil daga wani shafi da ke alƙawarin cewa tambayoyin ainihin jarrabawar ne. Na buɗe, ba zan ɓoye ba. Tambaya, haruffa huɗu, amsa, shi ke nan. A cikin shafukan farko na ci karo da inda aka ce sabnet /26 tana ɗaukar na'urori 64, alhali 62 ne, tunda adireshin farko na sunan hanyar sadarwar ne, na ƙarshe kuma na shela ga kowa. Idan na kama wannan, nawa ne ban kama ba? Ga kuma yarjejeniyar da mutum ke amincewa da ita kafin jarrabawa, wadda ta haramta irin waɗannan tambayoyin sata, kuma Cisco na iya ƙwace shaidar wanda aka kama. Na goge fayil ɗin.

Sai dai kada wani ya sayi ExSim yana tsammanin malami ya samu. Ma'auni ne. Wanda bai gama karanta batutuwan jarrabawar ba zai sha wuya a banza, ya kuma ƙona tambayoyin. Wannan kuskuren ni na yi shi: na maimaita jarrabawar farko sau uku, makina ya haura 90, ina ta murna, ashe wurin da amsar take na haddace. Tambayoyin kuma ba sa maye gurbin aikin hannu. Packet Tracer, shirin kwaikwayon haɗa na'urori a kwamfuta wanda Cisco ke bayarwa kyauta ta Networking Academy, shi ya koya min VLAN, wato raba kwamfutocin da ke kan suwic (na'urar da ake jona su a kai) rukuni-rukuni, da gaske, ranar da na kwashe awa biyu ina neman dalilin da kwamfutoci biyu suka ƙi gaisawa, ashe ban mai da mahaɗar da ke tsakanin suwic biyun ta zama mai ɗaukar VLAN da yawa ba.

Duk abin da za ka saya, fara sauke jerin batutuwan jarrabawar CCNA, mai lamba 200-301, daga shafin Cisco ka ajiye a gefe. An sabunta shi a watan Agustan 2024, aka ƙara 'yan batutuwa kamar ƙirƙirarriyar basira, don haka ka duba ko kayan karatun sun bi sabon. Jerin ya nuna nauyin kowane sashe: haɗin IP shi ne mafi girma da kashi 25, sarrafa na'urori ta manhaja kuma kashi 10. Ni da na ɓata makonni a kan na goman saboda yana min daɗi, da na duba tun farko da na raba lokacina daban.

Ainihin jarrabawar CCNA minti 120 ce, kuma idan ka wuce tambaya babu komawa baya. Saboda haka na ajiye jarrabawar Boson ta ƙarshe ban buɗe ba sai ana saura mako guda, na zauna mata da agogo, waya a kashe, na hana kaina waiwaye. Kashi 81 na samu, da saura minti tara. Bakwai daga cikin kurakuraina a sashen sadarwa mara waya suke, a kansa na ƙarar da makon.